Shitu Kadarko da Lambar da Ta Kusa Cinye Masa Iri

Mai bin hanyar Yako zuwa Badafi a yau, a kan achaɓa ko cikin ƙaramar bas, yakan wuce wata 'yar gadar siminti kusa da Unguwar Mashigi ba tare da ya ko leƙa ƙasa ba. A lokacin da aka turo ni koyarwa a makarantar elementare ta Yako, farkon shekarun 1950, babu gadar nan. Shitu ne a wurin.

Dogon mutum ne ƙwarai, mai faɗin kafaɗa, kuma lokacin da na san shi furfura ta riga ta kama gemunsa. Manomi ne kamar kowa a ƙauyen, amma da damina, idan rafi ya kawo, shi ne mai fito. In ruwa ya tsaya a ƙirji, sai ya ɗauki mutum a kafaɗa ya ƙetare da shi. In ya wuce haka, sai ya zuba kaya a cikin wani babban masaki, matafiyi ya rungumi bakin masakin, shi kuma ya yi iyo yana turawa. Saboda haka ne ake ce masa Shitu Kadarko, wato gada a bakin mutanen da. Ba hukumar En'e ce ta ɗauke shi aikin ba, gado ya yi wurin mahaifinsa. Wanda ya ba shi goro ya karɓa, wanda ya ce Allah ya saka ya ce amin.

Gidansa ne na farko daga bakin ruwa, don haka duk wanda rafi ya tare da yamma, a zaurensa yake kwana. Daga nan Shitu ya sami ƙa'idarsa ta farko, wato baƙo ba ya kwana da yunwa a gidan. Ƙa'ida ta biyu ta shafi rumbu. Rumbuna uku ne gare shi, manya biyu na ci, da wani ƙarami a bayan ɗakin matarsa Balaraba inda ake ajiye irin shuka. Irin nan ba a samunsa a kasuwa. Wata kaura ce mai nauyin zangarniya wadda mahaifinsa ya zo da ita daga wajen Doguwa, tana jure laimar bakin rafi inda sauran dawa take ruɓewa. Kowace kaka Shitu da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniyar da ta fi kyau, ya ɗaure, ya barbaɗe da toka, ya shafe bakin rumbun da laka. Ba a fasa lakar nan sai ruwan shuka ya sauka. Shekara da shekaru ƙa'idojin nan biyu suna zaune lafiya da juna, har ranar da gwamnati ta shiga tsakaninsu.

Ya kamata in yi wa matasa ɗan bayani a nan. A shekarun nan ne aka fara naɗa 'yan ƙasa ministoci, wasu a Kaduna, wasu a Ikko. Mutanenmu sun san Sarki, sun san Hakimi da Dagaci da Mai Unguwa, sun kuma san Di'o, Baturen mulki, amma sun rasa inda za su ajiye Minista. A ƙofar masallaci aka yi ta muhawara. Wasu suka ce tun da ba shi da tambari, ba shi da ko ƙauye guda da yake mulka, ai babban malamin ofis ne kawai. Wasu suka ce an ga Bature ya buɗe wa ɗayansu ƙofar mota a Kano, kuma wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ni da na yi makarantar Midil kuma nake karanta jarida, an sha kawo mini tambayar. Na yi bayani filla-filla, har da alli da allo ga waɗanda suka same ni a makaranta, sai dai ban ga alamar bayanin ya sauya ra'ayin kowa ba.

Cikin markar shekarar 1955 ɗaya daga cikin sababbin ministocin ya zo rangadi don ya duba hanya. Ba zan kama sunansa ba, domin ba labarinsa nake bayarwa ba. Ina cikin 'yan rakiya daga Yako. Da hantsi muka isa bakin rafi muka tarar ya kawo, mota ba ta da wurin bi, ga kuma dawakan da aka tanada suna jira a tsallake. Aka yi kiran Shitu, ya fito daga gida yana ɗaure da walki. A cikin hanzari babu wanda ya tuna ya gaya masa ko wa zai ɗauka. Ya dubi mutumin da aka gabatar masa, ya ga matashi ne da babbar riga fara da takalmi sau-ciki.

"Tuɓe takalman ka riƙe a hannu, samari," in ji Shitu. "Tattara rigar nan ka ɗora a wuya. Kaina za ka dafa, kada ka shaƙe ni."

Minista ya bi umarni. Da suka kai tsakiya, ruwa ya taɓa masa tafin ƙafa, sai ya fara gyara zama.

"Kai, zauna wuri ɗaya! Jiya na ƙetare da tsohuwa da akuyarta, ba su yi mini wannan mutsu-mutsun ba."

Wani ɗan doka da ke kusa da ni ya dafe kai. Dagaci ya kama salati. Minista kuwa dariya ce ta kama shi, har ya kusa jefa su cikin ruwa su biyun. Kafin su taka gaɓa, wani ya riga ya yi wa Shitu ihu daga tsallake ya gaya masa ko wa ke wuyansa. Ya sauke shi a hankali kamar mai sauke tulu, ya durƙusa.

"Tashi, Baba. Tun yaushe kake wannan aiki?"

"Tun shekarar fara, ranka ya daɗe."

"Wa yake biyanka?"

"Allah."

"To, gwamnati ma za ta san da kai."

Wannan magana ta hana Shitu sakewa har kaka. A iya saninsa, wanda gwamnati ta san da shi, ko dai haraji ne ko aikin hanya.

Bayan an gama kai amfanin gona gida, aka kira shi Kiru. A ƙofar gidan Hakimi, gaban jama'a, Di'o ya sanar cewa bisa shawarar Minista, gwamnati ta ba Shitu na Unguwar Mashigi lambar girma saboda daɗewarsa yana taimakon matafiya. Farin ƙarfe ce mai faɗin dala, wato kuɗin sule biyu, da ɗan ƙyalle mai launi a sama. Sai da Di'o ya yi ɗage kafin ya iya maƙala ta a ƙirjin Shitu. Ni aka sa in yi wa taro bayani, kuma ina da yaƙinin cewa na yi shi yadda ya kamata. Na ce lambar yabo ce, ba sarauta ba ce, babu albashi tare da ita, babu gona, babu doki. Na maimaita da Hausa mai sauƙi. Jama'a suka gyaɗa kai, irin gyaɗawar da na saba gani a aji idan an ji amma ba a yarda ba.

Da ya koma gida, Balaraba ta karɓi lambar, ta juya ta gaba da baya, ta ƙwanƙwasa ta a bakin turmi.

"To, Malam, kashe ta ake yi a kasuwa, ko jiƙawa ake yi a sha?"

"Ajiyewa ake yi."

"Ashe gadi aka ba ka."

Kwanakin farko komai ya tafi bisa al'ada. Maƙwabta da dangi da surukai suka zo barka, Shitu ya yanka akuya, aka ci aka yi addu'a aka watse. Da abin ya tsaya nan, da babu labarin da zan rubuta. Sai ga wani maroƙi daga Bebeji, Ɗantani, ya iso da 'yar gangarsa ya shimfiɗa buzu a ƙofar zaure kamar wanda aka ba wurin gado.

"Kadarko mai numfashi!" yake cewa. "Ka ɗauki gwamnati a wuya ba ka tanƙwara ba! Ka tsawata wa Kaduna a tsakiyar ruwa ta ce to! Ministan Rafi, a gaishe ka!"

Laƙabin nan na Ministan Rafi ya bi kasuwanni. Ɗantani yakan ci kasuwar Kiru da ta Bebeji, wani lokaci har Tudun Wada, kuma kowace kasuwa labarin yakan dawo da ƙarin ƙiba. Aka ce Minista ba ya yanke shawara sai ya aiko an tambayi Babansa na bakin rafi. Aka ce kowane wata babbar mota tana sauke masa buhunan hatsi. Aka ce maganarsa takan riga ta Di'o isa Kaduna.

Ba na son mai karatu ya ɗauki mutanenmu marasa tunani. Hujjarsu a tsare take. Tun kakanninsu ba su taɓa ganin hukuma ta girmama mutum ta bar shi hannu wofi ba. In an naɗa mutum, akwai riga, akwai doki, akwai ƙasar da zai riƙe. Saboda haka da suka ji ana cewa babu komai tare da lambar, sai suka fassara cewa ɓoye ni'ima ake yi don gudun bakin mutane, kuma suka yaba da wannan hikima.

Masu buƙatu suka fara sallama. Wani yana so a ɗauki ɗansa ɗan doka. Wani yana so a sassauta wa unguwarsu haraji. Wani makiyayi mai suna Idi ya zo da kukan cewa an nome burtalin da shanunsa suke bi zuwa ruwa. Kowa sai an fito masa da lambar ya gani ya shafa, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Da yake yawancinsu daga nesa suke, sukan iso da la'asar, kuma wanda ya iso gidan Shitu da la'asar, kwana ya kama shi, tuwo kuma ya wajaba.

"Wallahi, jama'a," Shitu yakan ce, "abin da na sani na Minista nauyinsa ne kawai."

Sai zaure ya ɗauki dariya. "Allah ya ƙara kawaici, ranka ya daɗe."

Rumbun farko ya ƙare tun sanyi bai gama wucewa ba. Aka buɗe na biyu, wanda a ƙa'ida shi ne ke riƙe gidan har sabon gero. Turmin Balaraba bai huta ba, har maƙwabta mata suka riƙa zuwa taya ta daka. Da na ji halin da ake ciki, na ɗauki kekena wata Juma'a na je na tsaya a tsakiyar zaure, na sake bayanin da na yi a Kiru, har na kawo misalai daga tsarin mulki. Da na dasa aya, Ɗantani ya ɗaga kai daga akushi.

"Malam, Allah ya ƙara ilimi. In kai ma ƙarin girma kake nema a makaranta, ka yi haƙuri a gama da waɗanda suka riga ka."

Na hau kekena na koma Yako.

Bazara ta yi nisa, zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana bajewa. Gonar Shitu tana nan ba a share ba, tarin takin da jakuna suka kai tun rani yana jibge a gefe, domin mai gonar yana zaure yana karɓar gaisuwa. Ran nan da la'asar sai ga wasu mutane daga wajen Tudun Wada da jakunansu, sun yi tafiyar yini. A safiyar ranar aka share gindin rumbu na biyu. Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, domin a cikin gida aka yi shi, amma na ji daga bakin Shitu da na Balaraba daban-daban, kuma ruwayoyin ba su saɓa ba.

Shitu ya ɗauki tsani ya jingina da ƙaramin rumbu, ya juya neman abin fasa laka. Da ya waiwayo, ya tarar Balaraba ta zauna a kan matakin ƙasa.

"Tashi, Balaraba."

"Ƙafata ce ke ciwo, Malam."

"Dami ɗaya zan ciro."

"Na yau ke nan. Gobe fa? Ka ga hadarin jiya. In ruwa ya sauka, lambar za ka binne a rami?"

"Mutane suna zaure. Tun zamanin babana ba a taɓa kwana da yunwa a gidan nan ba, ba kuwa a kaina za a fara ba."

"Babanka ya bar maka zaure, ya bar maka iri. Wanne ne in ya tafi za ka iya mayarwa da laka da ruwa?"

Shitu ya dubi bakin rumbun. Bai ce ta yi gaskiya ba, domin ba halinsa ba ne, amma ya janye tsanin ya kwantar a gindin danga. Balaraba ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar waken da take ajiyewa don sana'arta ta ƙosai, ta dafa wa baƙin.

"Wannan nawa ne," ta ce. "Daga shi tukunyata ta yi sallama da kowa. Lambar nan kuma, in na sake ganinta a ɗaki, ɗan koli zan ba ya ba ni allura."

Washegari, da aka idar da sallar asuba, Shitu bai koma zaure ba. Ya ɗauki kwando da fartanya ya bi ta bayan gida ya nufi gona, da lambar maƙale a ƙirji saboda ya san Balaraba ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Da ya fara sunkuyawa yana cika kwando da taki, lambar ta riƙa lilo tana dukansa a haɓa. Sai ya cire ta ya je can ƙarshen gona ya rataye a reshen wata ɗorawa, ya dawo bakin aikinsa.

Da hantsi baƙi suka ga shiru, suka yi ta sallama. Balaraba ta amsa daga bayan zana.

"Maigida yana gona. Lambar ma tana gona."

A nan ma sai na yi bayani, domin na lura al'adar tana neman ɓacewa. A ƙasarmu manomi in yana gona ba mai masauki ba ne. Wanda ya same shi a can, haƙƙinsa ruwan gora ne da amsa gaisuwa, ba a sa ran akushi. Sannan kuma babu ɗan mutunci da zai tarar da dattijo da kaya a ka ya tsaya yana kallo hannu a baya. Zai ce sannu da aiki, sannan ya ce kawo. Kowa ya san wannan tun yana yaro, kuma kowa ya san cewa idon jama'a yana kan wanda ya ƙi.

Wanda ya fara isa gonar wani matashin ɗan kasuwa ne daga Bebeji, Surajo, wanda ya zo da safiyar nan a kan sabon keke, sanye da farar riga mai guga, yana neman a sa masa baki ya sami lasin sayen gyaɗa. Mutanen Tudun Wada suna biye da shi. Suka tarar da Ministan Rafi da kwandon kashin shanu a ka, gumi yana bin gemunsa.

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe."

"Yawwa, sannunku. Lambar ce? Tana can a ɗorawa, ku je ku gani."

Surajo ya dubi ɗorawar can nesa, ya dubi dattijon, ya dubi mutanen da ke bayansa suna jiran su ga abin da zai yi.

"Kawo, Baba."

"A'a, ɗana, rigarka."

"Kawo dai."

Shitu mutum ne mai gardama, amma ran nan bai yi musu sau biyu ba. Ya sauke kwandon a kan Surajo, ya ce tun da can ya nufa, ya zuba a gindin waccan sabarar. Mutanen Tudun Wada suka dubi juna, suka tuɓe manyan riguna suka ninke a inuwa. Ɗaya ya karɓi fartanya, biyu suka koma suka kwanto jakunansu da mangala. Kowa in ya kai kayansa ƙarshen gona, sai ya tsaya ya kalli lambar, ya shafa, ya dawo ya sake cika kwando, domin babu wanda yake so ya zama na farkon zama.

Ɗantani ne ya iso a ƙarshe, yana neman inda aka kai kalaci. Ya zauna a inuwar ɗorawa ya fara taɓa ganga yana kiran Kadarko mai numfashi.

"Ɗantani," in ji Shitu, "a gona mai aiki ake wasawa, ba mai lamba ba. Ga samari can."

Maroƙi ba ya ƙin taro. Ya juya kiɗan ya koma na noma, ya kama Surajo da kirari, na Bebeji mai farar riga, wanda taki bai sa ya ja da baya ba. Surajo da ya ji sunansa a bakin ganga, sai ya fara tafiya da sassarfa. Kafin azahar an baza abin da Shitu shi kaɗai zai yi kwanaki yana fama da shi. Da rana ta take, aka kawo gora daga gida. Ɗantani ya riga kowa leƙawa, ya ga farau-farau ne, ruwa da ɗan ƙanshin gari.

"Ranka ya daɗe, ina tuwon?"

"Yana cikin ƙasar nan. Sai kaka."

A inuwar nan kowa ya faɗi buƙatarsa kamar yadda aka saba, Shitu kuma ya ba da amsar da ya saba bayarwa, cewa nauyin Minista kawai ya sani. Amma wannan karon babu wanda ya yi dariya. Abin da bayanina na Kiru da na zaure suka kasa yi, kwandon taki ya yi shi, domin kowa ya ga cewa mutumin da mota ke sauke wa buhuna ba zai ɗauki kashin shanu a ka da tsufansa ba. Surajo ya dubi rigarsa, wadda ta tashi daga fara, ya dubi Shitu.

"Baba, ashe da gaske kake yi?"

"Tun sanyi nake faɗa, ɗana."

Daga ranar, lambar ta tare a ɗorawa. Shitu yakan rataye ta da safe ya sauke da yamma. Wanda ya zo kallo ya san inda zai same ta, ya kuma san abin da zai tarar a hanya. Labari ya sake bin kasuwannin nan, cewa mai zuwa ganin lambar Mashigi da kantar fartanya a tafin hannu yake komawa. Baƙi suka ragu ƙwarai. Ɗantani ya jure farau-farau na 'yan kwanaki, sannan ya naɗe buzunsa ya nufi Tudun Wada, inda ya riƙa sanar da mutane cikin alhini cewa an tuɓe Ministan Rafi. A ganina wannan ce hidima mafi girma da ya yi wa gidan.

Dole in faɗi, don adalci ga Shitu, cewa ƙa'idarsa ta farko ba ta karye ba. Wanda dare ya yi masa har a lokacin a zaure yake kwana, kuma ba da yunwa ba. Mutanen Tudun Wada da suka koma gida, kunya ta sa suka aiko da damman gero a kan jakunan nan nasu. Idi makiyayi, wanda Shitu bai iya yi wa komai a kan burtalinsa ba, ya kawo shanunsa suka kwana a gonar suka ƙara mata taki, matarsa kuma ta riƙa kawo nono. Da wannan aka lallaɓa.

Ruwan shuka ya sauka wata Laraba da yamma, mai ƙarfi, har ƙasa ta jiƙu sosai. Da safe Shitu ya jingina tsani da ƙaramin rumbu, Balaraba tana tsaye a gefe, ƙafarta ta warke. Ya fasa lakar ya fito da dammunan kaura cif yadda ya ajiye su, da tokarsu. Na je shukar da kaina, na kuma riƙe sungumi na yi layi biyu, waɗanda Shitu ya ce su ne mafiya miƙewa a gonar ko da yake ramukan sun yi kusa da juna.

Daga baya na tambaye su wa ya shirya dabarar. Shitu ya rantse cewa shi gudu kawai ya yi daga zaure. Balaraba ta ce ita an tambaye ta inda maigida yake ne, ta faɗi gaskiya. Na yi shekaru ina sauraron ɗalibai biyu suna ba da labarin abu guda, kuma ina iya cewa Shitu gaskiya ya faɗa, Balaraba kuwa gaskiyar da ta faɗa ta san inda za ta kai.

Kafin shekarun hamsin su ƙare aka gina gadar. Ko Ministan nan ne ya tuna da tafin ƙafarsa, ko kuwa dama tana cikin tsari, ban sami tabbaci ba, don haka ba zan ce ba. Masakin fito ya koma wurin zuba dusa. Shitu ya ci gaba da noma har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu da kyakkyawan tsufa, Allah ya jiƙansa. Kaurar tana nan a hannun jikokinsa da maƙwabtansu.

Ganina na ƙarshe da lambar, a kakar shekarar da aka yi wannan dambarwa ne. Na bi ta gonar na tarar dawa ta yi kai, tsuntsayen buwa suna sauka, an ja igiya daga ɗorawa zuwa danga an ɗaura gwangwanaye. A tsakiyarsu ga lambar gwamnati tana juyawa a iska, tana walƙiya a rana. Na nuna masa cewa wannan bai dace da darajar abin da hukuma ta bayar ba.

"Malam," in ji Shitu, "duk gwangwanayen nan babu wanda buwa take tsoro kamarta. Na yi gadinta rani guda har ta kusa cinye ni. Bar ta ita ma ta yi gadin dawata."